Cokali Ɗaya Ke, Ɗaya Ni

"Ni ban sha sai Gwaggo Tani ta zo," in ji Ma'u, ta ture kofin har kunu ya fallatso mani a zane.

Ɗiyata ce, shekararta bakwai. Taifot ya huda mata hanji aka yi mata aiki, a satin da soja suka miƙa mulki. Rediyon ɗakin yara ba shi da zance sai wannan, ni kuwa ina ruwana! Likita ya ce in ba ta ci abinci ba, ɗinkin ba zai kama ba. Ita kuma ja'irar ba ta buɗe baki sai a hannun Gwaggo Tani, tsohuwar da muke katanga ɗaya a Ƙofar Marusa. Kullum la'asar, da an buɗe wa masu dubiya ƙofa, sai ga ta da fulas, ta tako da ƙafa tana haki. Ta zauna bakin gado ta ce, "Cokali ɗaya ke, ɗaya ni. Kuma kar ki cuce ni."

Ranar Alhamis ta koma gida, ta wanke fulas ta kife, ta kishingiɗa kafin magariba. Ba ta tashi ba.

Ba a gaya wa majinyaci mutuwa. Baban Ma'u ya ce kowa ya kama bakinshi sai an sallame ta. Na ce mata ƙafa ke damun Gwaggo. Kukana ma a bayan famfon asibiti nake yi, in wanke fuska in dawo. Ma'u kuwa sai ramewa take, idonta a ƙofa.

Ranar sadakar uku matan unguwa suka biyo dubiya daga gidan makokin. Hajiya Mairo ce a gaba. Tun safe bakinta gaisuwa ɗaya yake yi, ko zama ba ta yi ba ta kama hannuna.

"Rahmatu, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ji..."

Ta dafe baki. Wayyo, Hajiya! Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Umma," in ji Ma'u a hankali, "ba ya mai jiki ake cewa ba?"

Ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi hannuwansu, ta dubi ƙofa. Ba ta ƙara tambaya ba, kuma ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mani sauƙi.

Can ta ce, "Miƙo kunun."

Ta ɗebi cokali ɗaya ta shanye. Ta ɗebi na biyu, ta riƙe shi ta gefen da Gwaggo ke zama. Kunun yana ɗiga a kan zanin gado.