Tarwaɗar da Ta Sha Turare

Ni dai ban ce kowa ya taya ni ba. Abin da na roƙa kawai a bar mini kicin ɗina daga la'asar zuwa magariba, shi ma bai samu ba.

Tun da aka kawo Baba daga garinmu Lau, can bakin kogi, yake kwance a gidana a unguwar Majidaɗi, muna ta zaryar asibiti, ba ya cin komai. Kunu ma sai an yi ta lallashi ya kurɓa ya ture kofin. Likita ya ce maganinsa ba a sha da cikin wofi, kuma kada a kuskura a ba shi soyayyen abu. In ya ci gaba da ƙin abinci, sai dai a mayar da shi gado a sa masa ƙarin ruwa. Baba kuwa ya rantse in aka sake kwantar da shi a can, gawarsa za a fitar.

To ran nan ina gyara masa filo, sai na ji ya ce can ƙasa-ƙasa, "Fadila, da za a samu kifi..."

Wallahi ban tsaya jin ƙarshen maganar ba. Baba a fataucin kifi ya tsufa. Mutum ne da za a kawo masa bandar kifi a rufe cikin kwali, ya sunsuna kawai ya faɗi ruwan da aka kamo ta. Muna yara, in Inna ta yi miya da kifin da ya kwana, tun daga zaure yake juyawa. Yau shi ne da bakinsa ya nemi abinci.

Na kira maigidana Mahadi a waya. "Abban Mus'ab, ka bar duk abin da kake yi, ka samo ƙarfasa ɗanya. Ta kogi fa na ce."

Me ya shigo da ita? Tarwaɗar kiwo! Irin ta tankin siminti, ƙatuwa, sai kitse da santsi.

"Masu sayar da kifin Lau sun tashi," in ji shi. "Kuma ai kifi kifi ne."

"Kifi kifi ne? Je ka faɗa wa Baba haka."

Ya ajiye ledar ya sulale masallaci, tun ladan bai ko yi alwala ba.

Ba lokacin rigima. Na kwara mata ruwan zafi, na dirje ta da lemon tsami har santsin ya fita, na tsattsaga jikinta. Na jajjaga attaruhu da citta da tafarnuwa, na zuba gishiri da zuma, na cusa a kowace tsaga. Tunda an hana suya, gashi zan yi. Na duba gawayi, ruwan jiya ya jiƙa shi sharkaf. Saura obin, akwatin gashin nan da ke ƙasan murhun gas ɗina. Cikin kayan ɗakina ya zo, kuma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kunna shi ba. Kamar kowa, durowa na mai da shi: farantai, murafan tukwane, ledojin kasuwa. Na kwashe su a gurguje na zube a ƙasa, na kunna, na tura kifin na rufe.

Duk wannan abin Inna na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Zuma a kifi? Fadila, shayi kike haɗawa?"

"Inna, bakinsa ɗaci yake, zaƙin ne zai ja shi. Don Allah ki je ki zauna da shi."

"Mu dai a Lau, kifi gishiri da barkono..."

"Inna, ba a Lau muke ba."

Ta ja tsaki ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. Ni kuma na hau yanka albasa ina kallon agogo, don bayan magariba yake shan maganin.

Da farko ƙamshin ya yi daidai, yaji da zuma suna tashi har yawuna ya tsinke. Can sai na ji wani ƙamshi daban yana bin sa. Na sunsuna mayafina, ba shi ba ne. Sai ga muryar maƙwabciyata Judith ta kan katanga: "Maman Mus'ab! Amarya aka kawo gidanku ba ki gaya mana ba?"

Na yi wuf na juya wajen murhun. Ina buɗe obin, wani farin hayaƙi mai kauri ya doke ni a fuska, na yi baya ina tari. Can ƙurya, a ƙarƙashin ƙarfen da kifin yake kai, ga wani gwangwanin madara, murfinsa ya tashi, abin ciki ya narke yana tafasa baƙi ƙirin.

"Innalillahi! Turarena!" Inna ta shigo da gudu. "Turaren wutan da na haɗa wa ƙanwarki Bilkisu na biki!"

"Inna, me ya kai turaren wuta cikin obin?"

"Damina ce, kuma tururuwa na bin sukarin jiki. Na ga durowa mai rufi, na tura can ciki."

"Obin ne, Inna! Wuta ake kunnawa a ciki!"

"To ke da kika cika shi da murafan tukwane, ni duba zan yi in sani?"

Gaskiyarta ce, shi ya sa haushin ya ninku. Na fito da kifin. A ido kam ya yi kyau, ja jawur, zumar ta kama yana ƙyalli. Na gutsura na sa a baki, sai na tofar. Kamar na tauna sabulun wanka. Na ɓare fatar, na matsa lemo, na ƙara yaji, duk a banza, turaren ya shige har ƙaya. Na jefa wa kyanwa ɗan guntu, ta sunsuna ta yi tafiyarta. Nan na zauna a kan turmi, hawaye na zuba, ban san na hayaƙi ne ko na takaici ba.

Aka kira magariba. Daga ɗaki muryar Baba ta fito, siririya: "Fadila, kifin bai yi ba ne?"

Na kalli Inna, ta kalle ni. Babu wani kifin, babu lokaci. Na tsinci tsokar can ciki na zuba a faranti, na ce ya gani dai da idonsa cewa an yi ƙoƙari, in ya zage ni na ci zagin.

Ɗakin nasa ma ya cika da hayaƙi. Mahadi ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa yana murza ido. Na tallafi Baba ya zauna. Ya ɗauki tsoka da yatsunsa, ya kai hanci kamar yadda ya saba, ya daɗe yana shaƙa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ture farantin.

Sai ya sa a baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya miƙa hannu ya ƙara.

"Madalla," ya ce. "Wannan na ruwan Lau ne. Daga ƙamshin na gane." Ya juya wajen Inna yana murmushi. "Uwani, ba na ce miki hancina bai tsufa ba?"

Inna ta juya wa bango fuska tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa duk masifar da na wuni da ita ta bi iska. Abin da nake roƙon Allah ke nan, ya ci abinci, ga shi yana ci. Amma wallahi na gwammace ya ture farantin ya ce mini, wace irin ƙazanta ce wannan.

Na cire ƙaya daga wata tsokar na miƙa masa.

"Na Lau ne, Baba," na ce. "Ƙara wannan, sai ka sha maganinka."