Kafintan Rufi da Ledar Jini

Biri abokan aikinsa suke ce masa, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Shekara goma sha shida yana buga rufin gidaje, yana tafiya kan katako mai faɗin tafin hannu a saman bene, ƙusa a baki, kwanon rufi a kafaɗa. In katako ya goce, kafin ka ce wayyo ɗaya ƙafar ta riga ta samo wurin takawa. Dokarsa ɗaya ce: in yana sama ba ya magana. Ko mai gidan ne ya kira shi, sai ya jira ya sauko.

Yau kuwa a ƙasa yake, a barandar asibiti, rana tsaka. Matarsa ta haihu, jini ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa. Nas ta tura shi ɗakin ajiyar jini da gudu, don babu wanda za a aika.

"Leda ɗaya ce ta rage ta irin jininta," in ji ma'aikacin wurin, yana miƙa masa. "Hawa na biyu, ɗaki na sha huɗu, ka ba likita mai tabarau. Malam, yi sauri."

Ya rungume ledar a ƙirji, sanyinta na ratsa rigarsa. Hawa na biyu, sha huɗu, mai tabarau. Yana tafe yana nanatawa.

Sai waya ta yi ƙara. Surukarsa ce. To, wa ya isa ya ƙi ɗaukar wayar suruka ranar da 'yarta take kwance? Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ɗan nan, tana numfashi? Ka faɗa min gaskiya! Me likita ya ce?"

"Tana yi, Mama. Likita ya ce… sha huɗu…"

"Sha huɗun me? Na shiga uku!"

A kwanar barandar akwai wani tayil da ya ɗan ɗago, bai fi kaurin farce ba. Takalminsa ya taɓa shi. Tuntuɓe ne na banza, irin wanda tsohuwa ma kan yi ta wuce tana tsaki. Amma kansa na wurin lamba, kunnensa na wurin kuka, ƙafar da ta saba ceto shi ta makara da taki ɗaya.

Da ƙirji ya sauka. Ya ji abin ya fashe a ƙarƙashinsa.

Ya durƙusa yana tattaro jinin da tafin hannu, yana turawa cikin yagaggiyar ledar, jinin na bi ta tsakanin yatsunsa yana malala kan tayil. Wata mai shara ta tsaya da bokitinta, ta dafe baki.

Wayar na gefe a ƙasa, muryar tsohuwar na fitowa siririya.

"Ɗan nan? Ka kai musu jinin?"

Ya ɗauka da jan hannunsa, ya kara a kunne.

"Na kusa, Mama," ya ce. "Na kusa."