Ƙarar da Ke Cikin Mashin ɗin Yaya Malam

Maganar ta riga mashin ɗin isowa gidana. Ƙanwata Zuwaira ce ta kira ni da hantsi, ta ce Yaya Malam ya shiga wajen Inna ya faɗa a gaban matan gida duka cewa mijina ya kashe masa inji. Ina tankaɗen gari a lokacin. Na ajiye rariya na zauna a bakin turmi.

Yaya Malam wana ne, sunansa Abdulbaqi, shi ke riƙe da makarantar gidanmu tun rasuwar Baba. Mutum ne mai kirki, amma in ya yanke magana to ta yanku, ko Inna sai ta lallaɓa. Yana da wani ƙaton mashin na doguwar tafiya da ya sayo a Konni, mai akwatuna a gefe da gilashi a gaba, duk Illela babu irinsa. Da shi yake zagaya ƙauyuka yana karantarwa, yau Gidan Katta, gobe Lafani, jibi Araba. Yana ji da mashin ɗin nan sosai, ko yaransa ba sa jingina da shi.

Da lokacin sabis ya yi, kowa a gida cewa ya yi a kai Sakkwato. Ni ce uwar iyayi na miƙe na ce me za a je nema a Sakkwato, ga mijina Baban Jannat, makanike, a gari? Na ce duk mashinan 'yan kabu-kabu na tasha hannunsa suke bi. Yaya ya ce wannan ba irin nasu ba ne. Na nace, na yi ta zuba har Inna ta sa baki, aka ba shi. To ga shi yanzu an ce mashin yana wata ƙara ƙas-ƙas ko yana tsaye, in kuma an hau an murɗa totur sai ya riƙa ƙwanƙwasa daga ciki. Wani masani a bakin kasuwa ya saurara ya ce inji ne zai buga. In ya tabbata haka ne, sunan mijina ya gama lalacewa a gidanmu, ni kuma ban san da wace fuska zan sake shiga wajen Inna ba.

Da la'asar aka turo mashin ɗin. Baban Jannat bai kai shi gareji ba, don ya san 'yan kallo za su cika wurin kowa da nasa hasashen. Cikin gida ya shigo da shi, ya kafe shi kusa da igiyar shanya. Ya ce ba zai taɓa shi ba sai da safe, injin ya huce sarai, don ƙarar inji mai zafi daban take da ta mai sanyi. Na sa masa tuwo ya ci loma kaɗan ya ture. Haushi ya kama ni, na ce in ya san ya yi kuskure ya gaya mini tun yanzu in san inda zan sa kaina. Ya dube ni ya ce shi ma abin da yake son sani ke nan. Wannan amsar ta fi tayar mini da hankali, na so a ce ya yi mini gardama.

Gari na wayewa ya ce in zo in riƙe masa totur. Ni da ban taɓa murɗa ko na keken ɗinki mai lantarki ba! Ya nuna mini, ya ce in ya ɗaga yatsa in ƙara, in ya sauke in saki. Ya tayar da injin. Ƙas-ƙas ɗin ta fito a fili, ko kurma sai ya ji. Ya ɗauko doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a saman injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa da ita gefe, ya sauko ƙasa wajen cikin injin, yana ɗaga yatsa ina murɗawa. Ya ce bawul ɗin da ya saita lafiyarsu lau, ƙasa ma bai ji komai ba, ƙarar ba daga ciki take ba.

Sai ya durƙusa a gaba, inda bututun salansa ya haɗu da injin. Ya kai tafin hannunsa kusa ya janye da sauri. Ya nuna mini wani baƙin toka da ya zagaye wurin, ya ce iska ce ke tsiyaya ta nan. Ya kashe injin, ya sa sifana a kan noti ɗaya, notin ya juya ba wani ƙarfi. Da ya sake tayarwa ƙas-ƙas ta ɓace.

Muka dubi juna. Shi ya kwance salansar nan ranar sabis, shi ya mayar.

"Ni ban ga komi ba," na ce masa.

Bai ko yi murmushi ba. Ya ce wannan ƙaramar ce, ba ita ke kashe inji ba, babbar tana nan tana jiran mu.

Ya ce in ba shi faranti mai haske. Na rasa wanda zan ba shi sai farin farantina na tangaran da nake fito da shi in an yi baƙi, na miƙa ina cije baki. Ya kwance ƙasan injin ya tsiyaye baƙin mai a ciki, ya fita da shi tsakiyar rana yana karkata shi a hankali. Ya ce in ƙarfe na cin ƙarfe a ciki, za a ga ɓurɓushi yana ƙyalli. Na sunkuya ni ma ina leƙe, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya sa yatsa ya murza, ya sake murzawa. Babu ko ƙwaya. A nan na fara jin numfashina yana sauka, amma shi fuskarsa ba ta saki ba.

Ya mayar da mai, ya fita da mashin ɗin ya bi hanyar Gwadabawa. Da ya dawo ya ce ƙwanƙwasar gaskiya ce, ya ji ta da kunnensa. A tsaye ba ta yi, a ƙaramar giya ba ta yi, sai an sa babbar giya an buɗe wuta, sai ta riƙa yi kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Ya cire filogi ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi baƙi sun yi danƙo, alhali sababbi ya sa ranar sabis. Ya zauna a ƙasa ya riƙe su a hannu. Ya ce in mai na haurowa sama haka, to wataƙila zoben fistin ne, kuma in shi ne sai an farke injin, kayansa kuwa ko a Sakkwato da wuya.

Na juya don kada ya ga idona, na hau kwashe shanya da ƙarfi. Zanin Jannat na fara jawowa, wani wari ya doke ni. Na shinshina na ce kai, wannan ƙaton mashin ɗin duk ya ɓata mini wanki, warinsa sak na ƙaramin janaretan maƙwabta da ke hana mu shan iska. Faɗa nake yi kawai, ban san na faɗi wani abu ba. Baban Jannat ya miƙe tsaye. Ya karɓi zanin ya shinshina, ya ce in maimaita abin da na ce.

Ya zare tiyo daga ƙasan tanki ya tsiyayi fetur a kwalba. Da ya ɗaga ta sama, launin ya yi duhu-duhu, ba irin na fetur ba. Ya ɗiga kaɗan a kan farin ƙyalle ya hura. Fetur ya tashi, ya bar zoben maiƙo. Ya ce wannan fetur an gauraya shi da baƙin mai, irin yadda ake yi wa ƙaramin janareta da tsofaffin mashinan da. Wannan injin ba ya son haka, shi mansa yana ƙasa, feturinsa yana sama. In an haɗa masa, wutar ba ta kamawa daidai, shi ne yake ƙwanƙwasa.

Muna cikin haka Yaya Malam ya yi sallama. Ya shigo fuska a ɗaure, ya amsa gaisuwata a taƙaice. Kafin ya zauna ya ce shi ya riga ya gane abin da ya faru, Mukhtari, wato Baban Jannat, ya matse wa mashin ɗin fetur ne don ya rage sha, irin yadda suke yi wa 'yan kabu-kabu, shi ne injin ya bushe. Hujjarsa ita ce tun bayan sabis allurar tanki ba ta cika sauka ba. Ya je Lafani ya dawo, ya je Araba ya dawo, bai tuna ranar da ya tsaya gidan mai ba.

Na buɗe baki zan yi magana, Baban Jannat ya yi mini ido. Cikin ladabi ya tambaye shi ko yana zare makulli in ya sauka a ƙauye. Yaya ya ce wa zai taɓa mashin ɗinsa a can? A jiki yake barinsa ya shiga masallaci. Baban Jannat ya miƙa masa kwalbar da ƙyallen, ya ce da wannan makullin ake buɗe tanki.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya ciro waya ya kira mai masaukinsa na Lafani, wani dattijo Alhaji Maccido, ya buɗe murya muna ji. Bayan doguwar gaisuwa ya kewaya ya kewaya, ya tambaya ko akwai wanda ke zuba masa mai a tanki. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe asiri ya tonu. Ya ce da can in malami ya zo hatsi ake ɗaura masa, yanzu kuwa sun ga fetur ya fi hatsi wuya, sai suka haɗa kai suna cika masa tanki yana cikin karatu, ba su faɗa ba don kada ladan ya ragu. Mutanen Araba da suka ji su ma suka ɗauka.

"Kuma kada ka ji komi, Malam," in ji tsohon. "Ni da kaina nika tsayawa a zuba baƙin mai, ba ni yarda a ba ka hetur tsura. Na yi mashin tun ba a haihe ka ba. Naka babba na, shi as sa munka riƙa ninka mai."

Na toshe bakina da zanin Jannat. Yaya kuwa ya yi ta godiya, ya yi musu addu'a mai tsawo, Allah ya saka, Allah ya ƙara buɗi, bai ce musu uffan game da ƙwanƙwasa ba. Da ya kashe wayar ya share gumi da bakin rawaninsa, ya ce wannan kuma sai ya san dabarar da zai gaya musu ba tare da ya karya musu zuciya ba.

Baban Jannat ya tsiyaye tankin tas, ya wanke filogi, aka sayo fetur daga gidan mai aka zuba. Ya ce da farko ƙwanƙwasar za ta iya ɗan yi kafin ragowar ya ƙone. Suka hau tare, shi a gaba Yaya a baya, abin da ban taɓa gani ba. Ina tsaye a zaure har suka dawo, kuma tun daga nesa na ga haƙoran Yaya.

Ni a nawa lissafin magana ta ƙare a nan. Amma mijin nan nawa, Allah ya shirye shi, suna sauka sai ya ce, "Malam, ƙaramar ƙarar tawa ce. Noti guda na bari ban ɗaure sosai ba wajen salansa."

Na ji kamar in jefe shi da faranti. Wa ya tambaye shi? Yaya ya dube shi, ya dube ni, na kawar da kai ina gyaran ɗankwali. Ya ce noti ai ana ɗaure shi, an kuma ɗaure. Ya ce shi nasa kuskuren ne sifana ba ta ɗaurewa. Ya kama hannun Baban Jannat da hannu biyu ya roƙi gafara, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai cewa yake ba komai, ba komai.

Sai Yaya ya juyo gare ni.

"Shahida, ɗauko mayahinki. Gaban Inna na hwaɗi maganag ga, can za ni janye ta."

Na hau bayan mashin ɗin ina riƙe da ƙarfen akwati, kunnena na kan injin tun daga ƙofar gida har unguwarmu. Ba ƙas-ƙas, ba ƙwanƙwasa, wani gurnani ne kawai mai taushi. Da muka shiga ya sa Zuwaira ta tara matan gida, har waɗanda ke madafa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce ya zalunci Mukhtari da bakinsa, aikinsa lafiya yake, kowa ya ji. Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Ta matsa gefe ta buga wurin da ke kusa da ita da tafin hannu. Na zo da niyyar in ɗaga kai in bi kowace da kallo, ɗaya bayan ɗaya, har na tsara abin da zan gaya wa matar Yaya. Ina zama Inna ta dafa mini baya, sai kawai na kifa kai a cinyarta na fashe da kuka.