Faifan Dodon Koɗi

Ni dai mai kaurin nan nake so. Na faɗa a gida, na faɗa a mota, na kuma maimaita a gaban mai shagon kwamfutoci ina nuna ta da yatsa. Baƙar laftof ce mai nauyi, tana can ƙarshen kantar shagon, ƙura ta hau murfinta, amma a gefenta akwai ɗan aljihun nan da ake dannawa ya fito a ɗora faifai.

"Yaya, wannan ai ta sha miya," in ji ƙanena. "Ko kyauta aka ba ki, sai an haɗa miki da ɗan dako."

Injiniya muke ce masa, ko da yake gyaran waya yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na kai shi makaranta yana kuka yana riƙe min zani. Yanzu ga furfura a gemunsa, kuma in ana maganar na'ura sai ya riƙa kallona kamar ni ce ƙaramar.

Abin da ya kai mu shagon shi ne ɗakin kallon da maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa. Ma'aikacin gidan waya ne, kuma mayen kallo. Da ya yi ritaya sai ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya shafe bango ɗaya da farin fenti har sau uku, ya rataye majigi a sama, ya kafa lasifika biyu a kusurwa, ya sa na ɗinka labule mai kaurin da ko rana tsaka sai ka laluba. Kujera biyu kawai ya sa a ciki. Wata takwas bayan rasuwarsa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona na'urar faifan, masu gyara biyu suka ce an daina yin kayanta. 'Yata ta bugo waya ta ce a sayi laftof a jona da majigin, a huta.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri. Ya jera mana guda uku a kan tebur, ya ce don kallo a gida abu uku ake dubawa: ta kasance da ramin da wayar majigi za ta shiga, cikinta ya zama mai faɗi don ya ɗauki finafinai da yawa, sannan fankarta kada ta cika ƙara. Ya kunna siririyar, mai launin azurfa, ya ce in kara kunne. Shiru kamar ba ta da rai. Ya kunna tawa mai kaurin, sai ga ta tana gurnani kamar injin niƙa.

"Kin ji ko?" in ji Injiniya. "Ana cikin kallo ki rasa ko jirgi ne a fim ɗin ko kwamfutarki ce."

"Kunnena na hagu ya yi nauyi," na ce. "Zan juya mata shi."

Mai shagon ya yi dariya, sannan ya ce, "Mama, in don faifai ne, akwai ƙaramar na'ura ta waje da ake jona wa siririyar. Bari in ɗauko miki ki gani."

Injiniya ya ɗaga masa hannu. "Bar shi, tarkace ne. Waya nan, waya can, ta je ta yi tuntuɓe a duhu. Yaya, ki ba ni faifan duka in kwafe miki su a cikin wannan. Ki zauna a kujerarki, ki danna, ki kalla. Ba tashi, ba goge faifai da bakin mayafi."

"Duka za ka kwafe? Sun haura ɗari biyu."

"Duka. Ni ne fa."

Wannan "ni ne fa" ɗin ita ta kashe min baki. Muka fito da siririyar a jaka, ya biyo ni gida ya ɗora kwalin faifan a bayan babur ɗinsa.

Akwai abin da ban gaya masa ba, kuma wannan kason laifin nawa ne, ba na musu. Maigidana yana da 'yar kyamara, kuma ba ya ɗaukar abin da mutane ke ɗauka. Ni yake bi. Ina shanya, ina tsefe kai, ina yi masa faɗa a kan takalmin da ya bari a ƙofa, shi kuwa yana bayan kyamarar yana cewa, "Shugaba ta fusata, jama'a a yi hattara." Shugaba yake ce min in mu biyu ne. Akwai ranar da ya ajiye kyamarar a kan tebur ya ja hannuna wai sai mun yi rawa, mu da muke da jikoki har huɗu, yana waƙa da muryar nan tasa da ko kaza ba za ta tsaya saurara ba. Duk ya sa an zuba masa a faifai, guda goma sha bakwai, ya rubuta kwanan wata a kan kowanne da jan biro.

To gidanmu gidan aro ne. Maƙwabta su ari fim ba su dawo da shi ba, jikoki su ɗauka su karce. Sai ya yi dabara: ya sayo finafinan da ya tabbata ba mahaluƙin da zai ara, ya zubar da faifan ciki, ya ɓoye namu a gidajensu na roba. Rayuwar dodon koɗi. Yadda ake haɗa siminti. Tarihin kan sarki na wasiƙa, kashi na ɗaya da na biyu. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa miƙa hannu wajen. Ranar Asabar da rana yakan leƙo kicin ya ce, "Shugaba, yau dodon koɗi za mu kalla ko siminti?"

Ta yaya zan dubi ƙanena in ce masa akwai faifan da nake rawa a ciki? Na ce a raina in ya buɗe zai ga rubutun mijina, zai gane, ya kwafe ya yi shiru kamar yadda ɗan'uwa mai kunya ke yi.

Wata ɗaya da rabi ya ɗauka, damina ta sauka tana ta zuba. Duk ranar da na kira sai ya ce ana kai. Ran da ya kawo, ya jona wayar majigin, ya daidaita sauti, ya nuna min inda zan danna. Sunaye suka jeru a bango reras.

"Ka kwafe duka?" na tambaya.

"Ɗaya bayan ɗaya, da hannuna." Ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. "Dubi idona yadda ya yi ja."

"Faifan fa?"

"Suna rumfa a kwalinsu. Ruwan nan ne ya hana ni ɗaukowa."

Na duba jerin, na ga dodon koɗi yana nan, ga siminti a ƙasansa. Na sa masa albarka har sai da ya ji kunya. Na cika masa leda da lemo ya kai wa yara.

Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na ja labule. Na zauna a kujerata, na bar ɗayar yadda take. Tun ranar da na'urar faifan ta ƙone rabona da muryar mutumin nan. Na nemo dodon koɗi a jerin, na danna.

Sai ga dodon koɗi.

Ƙato, ya cika bango, tar da shi har ana ganin yauƙin da yake bari a kan ganye. Wani mutum yana bayani a hankali cikin harshen da ba na ji. Ni da nake da wannan fim shekara goma sha ɗaya, ranar na fara ganin dodon. Na zauna minti goma ina jira, wai ko zai gama tafiyarsa a yanke a nuno igiyar shanyata. Na danna siminti, sai ga siminti. Na bi goma sha bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne abin da aka rubuta a bayansa shi ne a cikinsa. Kwamfutar kuwa shiru, ko numfashi ba ta yi, kamar yadda mai shago ya yi alkawari.

Shekara talatin na yi ina aikin jinya. Daga bakin ƙofa nake gane majinyacin da ya zubar da ƙwayarsa ya ce ya sha. Amma yaron da na goya ya ja fatar idonsa a gabana, na ba shi lemo.

Na same shi a rumfa ya duƙufa a kan wata waya da ɗan hantsaki a hannu.

"A'a, Yaya. Ta ƙi kamawa ne?"

"Ta kama. Wane faifai ka fara kwafewa?"

"Wa zai tuna? Sun fi ɗari biyu."

"Wane launi ne faifan da ke cikin gidan dodon koɗi?"

Ya ajiye hantsakin. Ya kalli wayar, ya kalli titi, sannan ya yi 'yar dariyar da yake yi tun yana yaro in an kama shi da hannu a tukunya.

"To, Yaya, gaskiya ita ce kwafar faifai ɗari biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Sunayen na karanta a bayan gidajen, na sauko miki da su daga intanet. Ai sun fi naki haske nesa ba kusa ba. Dodon koɗin nan kwana biyu na yi ina nemansa, wallahi don ke."

"Ko ɗaya ba ka buɗe ba."

"Me zan buɗe? Fim ai fim ne."

"Ɗauko min kwalina."

Bai motsa ba.

"Ina kwalin?"

"Rumfar ce ba wuri," ya ce a hankali. "Mai lambun bayan tasha ya daɗe yana roƙona tsofaffin faifai. Na ga tunda komai zai shiga kwamfuta..."

"Yaushe ka ba shi?"

"Washegarin ranar da na ɗauko."

A tsaye a bakin rumfar, masu babur suna wucewa, na gaya masa abin da ke cikin gidajen nan goma sha bakwai. Kunyar da na yi ta adanawa ban ma san inda ta shiga ba. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?" Tambayar tana da gaskiya, shi ya sa ta fi zafi. Amma ba lalacinsa ne ya ci min rai ba. Da ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, da na karɓi kwalina na koma wurin mai shago na sayi 'yar na'urar da ya hana a nuna min. Sau nawa na tambaye shi, sau nawa ya dube ni ya amsa. Yana ce min suna rumfa, alhali sun fi wata a waje.

Lambun yana gangaren bayan tasha. Tun daga nesa na hango ƙyalli. An ja igiyoyi a saman kunyoyin latas da tumatir, an rataye faifai reras, iska tana juya su suna walƙiya don korar tsuntsaye. Injiniya yana biye da ni a baya.

Mai lambun ya taso da fara'a yana goge hannu a riga. Ya ce Allah ya saka, tunda ya rataye su ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

"Akwai masu rubutun jan biro a ciki?" na tambaya.

"Akwai, Mama. Amma waɗannan ba su da ƙarko. Ruwa biyu, rana biyu, sai azurfar ta ɓare ta bi iska. Suna can layin ƙarshe, ina shirin sauke su ma."

Na bi ta cikin taɓo har layin ƙarshe, takalmina yana nutsewa. Na ƙirga su a kan igiya, goma sha bakwai cif. Na kwance ɗaya. A gefensa akwai ɗan ɓarɓashin azurfa da ya rage, da rabin wata lamba da jan biro, irin bakwai ɗin mijina mai sanda a tsakiya.

"Yaya, kawo in gwada a rumfa," in ji Injiniya. Ya miƙo hannu. "Wataƙila a samu wani abu. Ni ne fa."

Na ɗaga faifan sama don in ga abin da ya saura. Roba ce zalla, fes kamar gilashin taga. Ta cikinsa na hango ƙanena tsaye a cikin latas da hannu a miƙe, ba abin da ya tare shi.

Na sa faifan a jaka, na fara kwance na biyu.