Ɗigo Biyu da Muryar Rediyo

Rediyo ake ce wa yarinyar, don bakinta ba ya hutawa. Tana da shekara shida zazzaɓi ya ɗauke ta. Abin da ya rage na muryarta bidiyoyi ne da uwarta ta tara a babbar kwamfutar shagonta na ɗaukar hoto, cikin folda mai sunan yarinyar. Wayar da aka ɗauke su da ita tuni ɓarawo ya yi gaba da ita.

Ƙanen uwar, wanda duk gidan ke kira Injiniya, shi ya rubuta wa shagon manhajar da kwastomomi ke shiga ta waya, su ga hotunansu, su goge wanda bai yi musu ba. Kuma ba jahili ba ne, ya san sharrin abin sarai. Kowane kwastoma da foldarsa, kamar ɗakin haya. Amma in mutum ya sa ../ a gaban sunan fayil, ɗigo biyu da ɗan karan nan, kwamfuta sai ta ji an ce mata ta fita daga ɗakin ta hau sama. Don haka ya sa manhajar ta tsince ../ duk inda ta gan shi.

"Na toshe, Yaya," ya ce ranar, har da buga ƙirji. "Ko aljani ba ya wucewa."

Wata safiya ta kira shi. Ko gaisuwa babu.

"Zo. Ban ga Rediyo ba."

Ya same ta zaune gaban kwamfutar, fitilun ɗaukar hoto a kunne, ba kowa a kan kujerar. Foldar tana nan, cikinta wayam.

Ya buɗe tarihin shige da fice da na'urar ke ajiyewa. Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Wani ya yi rajista da sunan banza, ya danna wurin gogewa, ya rubuta ....// sau biyu. Manhajar, baiwar Allah, ta yi abin da aka koya mata: ta tsince ../ na tsakiya, abin da ya rage ya haɗe ya koma ../ sak. Wato maigadin da Injiniya ya ajiye shi ne ya kafa wa mutumin tsani. Wajen gogewar ma ya bar ta tana share folda sukutum, don kada kwastoma ya wahala. Kwafin ajiya kuwa yana maƙale a jikin kwamfutar, a hawa ɗaya da na asalin. Duk sun tafi tare.

"Wa na yi wa laifi?" ta tambaya.

"Ba wanda ya san ki ba ne, Yaya. Ƙofofi yake bi yana turawa. Tamu ta buɗe."

Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Da maƙiyi ne ma da sauƙi.

Ya ciro faifan ajiyar kwamfutar ya kai wa mai ceto bayanai. Mutumin ya duba, ya girgiza kai. Gogewar ta kwana biyu, tun lokacin Yaya tana jinya a gida, yaran shago kuma sun yi ta loda hotunan biki a kan gurbin da bidiyoyin suka bari. An samo rabin daƙiƙa na wani bango da gefen labule, babu sauti.

Da ya dawo ya zauna ya gyara, haƙora a cije. Yanzu manhajar ba ta tsince komai daga sunan fayil. Sai ta bi hanyar har ƙarshe ta ga ainihin inda ta dire, in ba cikin foldar kwastoman ba ne ta ƙi, shi ke nan. Ya ƙwace mata ikon taɓa komai a waje. Gyaran duka layi huɗu ne kacal na rubutu, abin takaici. Ya gwada dabarar wanda ya yi gogewar, ta ƙi. Ya gwada wasu, ta ƙi.

"Ya toshu," ya ce a hankali.

Yaya ba ta ko kalli allon ba.

"Fuskarta ina da ita a bango. Muryar ce. Tun bara ta fara kuɓuce mini, shi ya sa nake kunnawa kafin in buɗe shago." Ta juyo, idanunta jawur. "Kai kana tuna yadda take cewa Kawu? Akwai yadda take jan ƙarshen. Yi mini."

Ya buɗe baki. Ya san tana ja, ya san takan yi dariya a tsakiya. Ya faɗa, sai ya ji muryarsa ce kawai, ta ƙaton namiji.

"Ba haka ba ne," in ji Yaya. Ta tashi ta kashe fitilun.