Mayaƙa Masu Fuska

Ranar da na cinye Dogara sau biyu a jere, ranar ya fara yi mini tallar injina. Ni kuwa ba yaro ba ne, na lura.

Sunana Ɗalhatu, direba ne ni a wani kamfanin gine-gine, ina zaune a Al Wukair a ƙasar Qatar, ɗaki ɗaya mu huɗu. Dogara mutumin Kafanchan ne, gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, yake yi, kuma ranar da namu ya mutu cikin zafin Yuli muka san juna. Shi ya ja ni zuwa wani ɗan shago a saman bene a Abu Hamour, bayan kasuwar kayan miya, inda ƙartai masu gemu ke taruwa duk Juma'a bayan la'asar suna yaƙi da sojojin roba a kan tebur. Kowane soja bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Mutum zai sayi takwas ko goma, ya haɗa su da gam, ya yi musu fenti da hannunsa, sannan a auna tafiyarsu da tef, a jefa dayis irin na ludo a ga wa ya harbi wa. Ranar farko dariya na yi har da hawaye. Juma'a ta uku ni ne nake ta da jijiyar wuya da wani Ba'indiye a kan rabin inci.

Wata bakwai ina wasa da tsofaffin sojojin Dogara. Shi yake zuwa da su a jaka, shi yake komawa da su. A Doha ina da abokan aiki, ina da abokan ɗaki, amma wanda zan kira in ce yau zuciyata babu daɗi, shi kaɗai ne. Shi ya sa zargin da ya shiga raina ya fi komai cin raina.

Sai aka liƙa sanarwar gasa. Kowa ya zo da rundunarsa ta kansa, kuma abin da ka rubuta a takarda shi ke nan, babu canji. Saura mako shida.

Ni na riga na san wadda nake so. Maharban Dutse ake ce musu, masu baka da kwari, masu sauri, gwanayen kwanton ɓauna. An ƙera su kamar su yi magana: wannan ya ƙanƙance ido, wancan ya buɗe baki yana ihu, shugabansu har da tabo a kunci. Ina ɗauko kwalin sai Dogara ya zare shi daga hannuna ya miƙo mini wani.

"Mutumina, ga naka," in ji shi. "Ƙarafa."

Na duba. Wasu injina ne babu kai babu ido, kamar tukunyar gas da aka dasa wa ƙafafu shida.

"Waɗannan munanan abubuwan?"

"Suna da ƙarfi. Fentinsu ma ba wuya."

"Ni Maharba nake so."

"Ka dai yi tunani," ya ce, ya kawar da kai.

Na yi tunanin kuwa, amma ba irin wanda yake nufi ba. Na buɗe littafin dokokin wasan a waya ina jiran injiniyan da nake tuƙawa, na bi shi layi layi. Rundunar Dogara tana da masu jifa da tsawa guda biyu, kuma ga shi a rubuce ƙarara: in tsawa ta sami ƙarfe, ɓarnar ninki biyu ce. Na ajiye wayar na ce, to, madalla. Ashe haka ne.

Juma'ar da ta biyo baya na zo da wuri, na same shi a gaban kanta yana magana ƙasa-ƙasa da ɗan Filifin ɗin da ke kula da shagon. Suna ganina suka yi shiru, ɗan Filifin ya tura wani kwali ƙarƙashin kanta, amma na riga na hango ƙafafun nan shida. Saura ɗaya ne, wai Dogara ya sa a ajiye mini. Da muka zauna ya ce in ma fentin ne matsala, shi zai yi mini. Mutumin da ko burushinsa ba ya bari a taɓa! Na tambaye shi dalili har sau uku, kullum amsar ɗaya ce: "Za su fi maka sauƙi." Sauƙin me? Sai ya hau gyara tef ɗinsa.

A Juma'a ta uku haƙurina ya ƙare. Na sayi Maharbana, ina riƙe da kwalin ya sake cewa, "Ɗalhatu, da ka bari mun yi magana a waje."

"A nan za mu yi ta," na ce, da ƙarfi, kuma na juya harshe zuwa Turanci don kowa ya ji. Na ce wannan mutumin ya ga na fara cin sa, shi ne yake so ya ɗaura mini rundunar da zai share cikin minti goma ranar gasa. Na karanto musu dokar tsawa. Na ce in tsoro yake ji ya faɗa. Wani Balarabe ya yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai kan teburansu.

Dogara ya kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya ya jera a jaka, ya ja zif.

"Khalas," ya ce da Larabci, wato shi ke nan. "Allah ya ba da sa'a."

Na koma gida ina jin kaina a sama. Kwana huɗu ina haɗa su a mota lokacin jira. Ranar Laraba da yamma na jera su a kan taga don gam ya bushe, sai ga Malam Ghali ya dawo daga duti. Shi ne babba a ɗakinmu, mai gadi ne, shi yake jan mu salla. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana kallon taga.

"Ɗalhatu, mene ne wannan?"

"Kayan wasa ne, Malam."

Ya matsa ya duba shugaban nan mai tabo. "Da ido, da hanci, da baki. A ɗakin da muke salla? Ga alƙibla nan, su za mu fuskanta?" Bai ɗaga murya ba. "Ban hana ka wasanka ba. Amma ba za su kwana a nan ba, ko a cikin akwati."

Sauran biyun suka goya masa baya. Na ce zan bar su a but ɗin mota, sai na tuna robar da ta taɓa narke mini a wurin. Shagon kuma ba ya ajiyar kayan kowa. A duk faɗin Qatar, gida ɗaya na sani da za a karɓe su.

Da safiyar Juma'a na tafi Al Wakrah da kwalina a hannu. Dogara ya buɗe ƙofa, shi da matarsa Jael suna shirin tafiya coci, don a nan ranar Juma'a ake zuwa. Ya kalli kwalin, ya kalle ni.

"Malam Ghali ne?" ya ce.

Na ɗago na dube shi. "Ka sani?"

"Ranar da na gyara muku esi na ga kalandarku. Duk fuskar da ke jiki an manne ta da salatif. Har ta jaririn da ke gwangwanin madara."

Shekara biyu ina kwana a ƙarƙashin kalandar nan, na daina ganinta ma.

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"In ce me? Ni Dogara in tsaya a tsakiyar shago ina koya wa Musulmi abin da addininsa ya hana? Ka san yadda irin wannan magana take ƙarewa a can gida. Na ce mu fita waje, ka ƙi."

Kunya ta lulluɓe ni. Na ce ya yi haƙuri, na ce sharrin zuciya ne, na ce duk abin da ya zo bakina. Ya saurara har na gama, sannan ya karɓi kwalin da hannu biyu, a hankali, yadda yake riƙe nasa.

"Za a ajiye maka inda rana ba ta kaiwa," ya ce. "Duk Juma'a ka zo ka ɗauka."

Na ɗaga ƙafa zan cire takalmi, don gidan nan ban taɓa jiran a ce mini shigo ba. Sai na ga bai matsa daga bakin ƙofar ba.

"Ka riƙa kira in ka iso," ya ce. "Jael za ta miƙo maka."