A Sallami Bashar Daga Aiki

Washegarin ranar da aka kai abokin aikina Bashar makwancinsa, na buɗe kwamfuta a ofishinmu na Bodinga na tarar ya riga ni fara aiki. Ga sunansa nan a kan allo, Bashar Muhammadu, ya shigo da bayanan shagon Dandin Mahe da hantsi, babu kuskure ko ɗaya. Na san dalili sarai, na ma fi kowa sani, amma na kasa ci gaba da kallon allon. Na rufe kwamfutar na fita waje na tsaya cikin rana.

Kamfaninmu taki yake sayarwa da irin albasa da maganin feshi, muna da shaguna a Bodinga da Shagari da Dandin Mahe da Kajiji. Abin da aka sayar da abin da ya rage a sito duk suna taruwa a manhaja guda da ke kan intanet, wadda masu ita suke cewa wai tana cikin gajimare. A da ni da Bashar muke ɗora fayilolin shagunan da hannu, muna yi muna faɗa, don ni ba ni da haƙuri, shi kuwa magana ba ta yi masa zafi. Da ya gaji da bakina sai ya tsara wa manhajar jadawali. Mai shago ya ajiye fayil ɗinsa, ita kuma washegarin kasuwar garin ta je ta kwaso da kanta, mako bayan mako, babu ranar tsayawa. Da sunansa ya tsara, da kalmar sirrinsa, kuma duk lokacin da ta gama sai ta aika saƙo zuwa wayarsa.

Saƙonnin shi ya rubuta su. Ya goge Turancin da manhajar ta zo da shi ya zuba nasa surutun. "Kayan Kajiji sun iso lahiya lau, ko ƙura ba su kwaso ba." Ko kuma, "Dandin Mahe ta shigo, a dama hura." Na sha gaya masa wannan shirme ne a wurin aiki, sai ya yi dariya ya ce ai wayarsa ce. Zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke shi, manhaja kuwa ba wanda ya yi mata gaisuwa, ta ci gaba da abinta.

Manajanmu Alhaji Tukur ya kira ni bayan addu'ar bakwai. Ya ce, "Hajara, ki maida jadawalin ga sunanki, a ruhe asusun mamaci." Gaskiyarsa ce. Kalmar sirrin Bashar tana da wa'adi, ranar da ta ƙare komai zai tsaya cik, shaguna su yi ta sayar da kayan da ofis bai san sun ƙare ba. Na ce to, aikin da bai fi shan shayi ba.

Ban kai ga yi ba labari ya kai Shagari, Sa'adatu ta kira ni. Matar Bashar ce, tana takaba a gidan iyayensa a Shagari, kuma wayarsa tana hannunta. Muryarta can ƙasa ta ce, "Yaya Hajara, don Allah kar ki taɓa. Ba ni hita, ba ni ganin kowa. In wayag ga ta yi ƙara na san yau wace rana ta, kuma awa shi na ya leƙo ɗaki ya yi magana."

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar sallama kawai na yi mata na ajiye waya. Na bar jadawalin yadda yake. Alhaji Tukur ya tambaya, na ce ina kai. Ya sake tambaya, na ɗora wa intanet laifi, da ma ita ta saba ɗaukar laifin kowa. Amma zaman ofis ya fara gagarata. Kujerarsa tana nan inda ya bar ta, kuma duk safiyar da shago zai shigo sai in kama kaina na daina aiki ina kallon allo, ina jiran sunansa ya bayyana. In ya bayyana in ji tsoro, in ya ɗan makara in ji wani tsoron da ya fi na farko.

Wata safiya ina zaune na ga tsohuwa a bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi, ƙafafunta duk ƙasa. Nana Hauwa ce, mahaifiyar Bashar. Ita kaɗai ta hau motar haya daga Shagari, matar da ko gidan biki sai an yi da gaske take zuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta kujerata, ta ƙi ruwa.

Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Ta ce, "Ɗiyata, na zaka in roƙe ku. Ku sallami abokin aikinku daga aikin ga. Mutum ya kwanta dama, amma kullum wayatai na kuka cikin gida, wai ya kawo kaya. Ina yaka kawo su? Wa yas sa shi?"

Na ce, "Inna, ba shi na ba. Na'ura ta, awa agogon da anka ɗaura, lokaci na yi sai ta buga."

Ta dube ni da kyau. "In agogo na, mi yas sa shika magana da bakinai?"

Na yi bayani iya bayani, ina ji da kunnena yadda maganata ba ta da nauyi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ba ta iya cin abinci, ba ta iya natsuwa ko a kan sallaya. Tana roƙon Allah Ya ba shi hutu, mu kuma muna tashinsa aiki. Ta ce ba ta son ta karɓe wayar daga hannun yarinyar da ƙarfi, don ita ma abin tausayi ce.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Da Bashar mai yiwuwa, da ya tafi ya bar ni tsakanin uwarsa da matarsa saboda shirmensa na a dama hura. Na ce mata zan zo har gida da kwamfutar, a yi komai a gaban su biyun.

Na isa Shagari bayan azahar. Ɗakin Sa'adatu shiru, labule a sake, ita kuma zaune a kan tabarma cikin tufafi marasa ado, wayar tana kan cinyarta. Nana Hauwa ta zauna a bakin ƙofa. Na buɗe kwamfutar, na nuna musu layukan jadawalin, kowane shago da ranarsa da saƙonsa. Na ce shigo da bayanan ba zai tsaya ba, sunan da ke kai ne kawai zai koma nawa.

Sa'adatu ta ce, "To maganganun nai hwa?"

"Sai dai su koma wayata, ko a goge su."

"Ki bar min su har in hita takaba. Shi ke nan abin da nika roƙo."

Nana Hauwa tana ta jan carbi. Na so in ce to, Allah Ya sani na so. Amma wa'adin kalmar sirrin ba zai kai ƙarshen takabar ba, kuma ni ba na iya ɓoye magana ko da ɓoyewar ta fi. Na ce wa Sa'adatu kafin lokacin aikin zai tsaya da kansa, kuma ranar da ya tsaya ba irin waɗannan saƙonnin za su zo ba. Akwai wani saƙo daban da ya tanada don ranar da shigo da bayanai ya gaza. Bai taɓa fita ba, don aikin Bashar bai taɓa gazawa ba, ni kaina ban taɓa karanta shi ba.

Ta ce, "Mi yac ce?"

Na gangara ƙasan shafin na buɗe. Da na san abin da ke ciki da ban karanta da ƙarfi ba, amma bakina ya riga tunanina. "Bashar, tashi. Aiki ya tsaya, ana jiranka."

Nana Hauwa ta saki carbin ta rufe fuska da mayafi tana salati. A ƙarƙashin saƙon na ga ya tsara cewa in ba a gyara ba a sake aikawa, a yi ta sakewa har sai ya amsa. Wannan ma na faɗa, don Sa'adatu ta tsare ni da ido tana jiran sauran.

Ta daɗe tana kallon wayar da ke cinyarta. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Can ta ce, "Kenan ni ar riƙe da abin da za a dinga tashinai da shi."

Ta matso kusa da ni. "Nuna min inda aka gogewa."

Na nuna mata. Ta fara da na tashin, ta danna da yatsanta ba tare da ta sake dubansa ba. Sauran kuwa sai da ta karanta kowanne a hankali, leɓɓanta na motsi, na Bodinga, na Shagari, na Dandin Mahe, tana gamawa tana gogewa. A na Kajiji ta yi 'yar dariya cikin kuka kafin ta danna. Ni kuma na cire sunansa daga kowane layi na sa nawa, na rufe asusun.

Sa'adatu ta kashe wayar, ta rarrafa ta ajiye ta a hannun surukarta da hannu biyu.

Ta ce, "Inna, ga shi. An sallame shi. Ni ɗai nir rage ina jiranai, kuma ni ba ni tashinai."